Dakta Dunduniya da Katifar Takalmi

Allah ya yi wa garin Potiskum baiwa iri-iri, amma babu kamar wadda ya yi masa shekara huɗu bayan sojoji sun dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama, wato ranar da Malam Abdulsalam ya sauko daga motar Jos. Kafin wannan rana mutanen garin da ka kawai suke tafiya. Manomi ya taso daga Mamudo, ya ci kasuwa, ya koma gida, bai san a bisa kuskure yake taka ƙasa ba. Makiyayi ya kora shanu har Kurmi ya dawo, ba wanda ya taɓa auna masa dunduniya. Haka kakanni suka rayu suka mutu cikin duhu, Allah ya jiƙansu, ba su ga Malam Abdulsalam ba.

Asalinsa diresa ne a ɗakin shan magani na bakin kasuwa. Aikinsa wanke gyambo, shafa aidin, naɗa bandeji. Sai wani likita Bature, wanda mutane ke kira Mai Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinsa, ya zo rangadi, ya nemi wanda zai riƙe masa akwati ya kuma yi masa tafinta zuwa Jos. Aka ba shi Malam Abdulsalam. Kwana goma sha tara ya yi a can. A wani asibiti akwai ɗakin da ake yi wa masu ciwon ƙafa takalma na musamman, kuma a bakin tagar wannan ɗaki Malam ya tsaya yini biyu yana jiran Likita ya fito daga taro. Wani zai ce yini biyu a bakin taga ba karatu ba ne. Wannan hassada ce ke damunsa. Tagar babba ce.

Ya dawo da farar rigar asibiti mai kaiwa gwiwa, da rula, da fensir a bayan kunne, da tabarau wanda ba ya ƙara gani ba ya ragewa. Ya kuma dawo da kalma ɗaya, insol. Insol, in ji shi, shimfiɗa ce da ake sakawa cikin takalmi don ta daidaita ɗan Adam. Mutanen kasuwa suka juya kalmar a baki, ta ƙi zama, suka ce katifar takalmi. Ya nemi a riƙa kiransa Dakta. Nan ma ba su yi masa rowa ba, har ƙari suka yi masa: Dakta Dunduniya.

Ranar kasuwa ta farko ya sa aka fito da teburin magani waje, ya hau kai, ya gyara tabarau.

"Jama'a," in ji shi, "ku saurara, don ba kullum za ku same ni da sarari ba. Me ya sa Bature ya fi ku? Kun ce bindiga. Kun ce jirgi. Duk ba haka ba ne. Ni na zauna da su, na ga sirrin da idona. Bature bai taɓa yarda tafin ƙafarsa ya sadu da ƙasa ba. Ciwon gwiwa daga ƙafa yake. Ciwon baya daga ƙafa. Ciwon kai, mantuwa, lalaci, yawan gardama, duk daga ƙasa suke hawowa. Ni Abdulsalam, da yardar Allah da ta gwamnati, zan toshe musu hanya."

Wasu suka ce madalla, don rana ta yi zafi kuma suna son wucewa.

Matsala ɗaya ce ta so ta tare wa ilmi hanya. Katifa cikin takalmi sau-ciki ake saka ta, mutanen Potiskum kuwa rabinsu fade suke sawa, sauran rabin ƙafar da Allah ya ba su. Ƙaramin mutum da nan zai tsaya. Dakta ya bi gidajen tsofaffin sojoji ya tattaro takalman yaƙin da suka jefar a bayan rumbu, buhu guda. Ya samo rabin tayar babbar mota. Da wuƙar yanka bandeji yake yanko katifar, ya cusa cikin takalmin soja, ya buga mata ƙusa don kada ta gudu.

Wani manomi daga Ngojin ya zo da ciwon haƙori. Ya fita da takalmin soja. Bayan kwana uku aka tambaye shi haƙori, ya ce wallahi ya manta da shi, ƙafarsa ce ba ta barinsa ya tuna komai. Dakta ya rubuta a littafinsa: ya warke.

Ya Fanne mai daddawa, wadda ta goya Malam Abdulsalam yana jariri, ta zo da gwiwarta da ke damunta tun bara. Ya sa ta taka garin gawayi, ta taka farar takarda, ya durƙusa ya yi ta auna sawun da rula yana girgiza kai kamar an aiko masa da labarin rasuwa.

"Audu, mene ne?" in ji ta.

"Dakta, Ya Fanne. A nan ɗakin Dakta nake. Ƙafarki ta faɗi. Ba ta da rami a tsakiya. Da a Ingila ne, da tuni an kwantar da ke."

Ta karɓi takalman da hannu biyu, ta yi godiya. Har yau maƙwabtanta na yaba su. A ɗaya take ajiye kanwa, a ɗayan kuma kazarta ta ƙyanƙyashe 'ya'ya bakwai.

To, a layin dukawa akwai wani tsoho, Ba Kyari, Babarbare, wanda ya shekara talatin yana ɗinkin fata a rumfa ɗaya. Bai san rula ba. In mai ɗingishi ya zo masa, sai ya ce ya yi tafiya zuwa bakin rijiya ya dawo, shi kuwa yana kallo yana tauna goro. Sa'an nan ya kama ƙafar ya lallatsa, ya yanko ƙirgi, ya jera shi hawa-hawa a inda ƙafar ke nema, ya ɗinke cikin fade. Mutum ya sa ya tafi. Bai taɓa yi wa kowa jawabi ba, abin da ke nuna iyakar jahilcinsa ke nan.

Cikin waɗanda ya yi wa aiki har da Sajo, Bafillace mai koren shanu. Shekara shida da suka wuce wani bijimi ya karya masa ƙwaurin hagu. Ƙashi ya haɗu, amma ƙafar ta gaza 'yar'uwarta da kamar yatsa biyu. Ba Kyari ya yi masa fade mai tudu a hagu, ya ƙwaƙule wurin dunduniya, ya sa fata mai laushi a inda tsohon ciwon yake. Da wannan takalmi Sajo ya kai shanu Kurmi sau biyar. Da shi yake ciyar da matarsa Asta da 'ya'ya huɗu da tsohuwar uwarsa.

Tsautsayi ya kawo shi ɗakin shan magani saura kwana goma sha biyu ayarin shanu ya tashi zuwa Kurmi. Ƙaya ce ta soke shi a hannu, wurin ya yi ruwa. Dakta bai ko dubi hannun ba. Idonsa na ƙasa.

"Wa ya yi maka wannan ɓarnar?"

"Ba Kyari ne, Malam. Lafiya lau nake tafiya da shi."

"Lafiya lau! Ka ji irinta. Mutum yana mutuwa a tsaye yana cewa lafiya lau. Cire."

Aka kawo gawayi da takarda. Sajo ya tsaya yana fuskantar Dakta, Dakta ya durƙusa yana fuskantar Sajo. Ya duba da kyau, ya ga gajeriyar ƙafar tana ɓangaren hannun da yake cin tuwo da shi. Ya zaro fensir ya rubuta da manyan baƙaƙe: DAMA. Ya yanko taya hawa uku, ya buga cikin takalmin soja na dama.

Sajo ya sa, ya miƙe, ya karkace kamar rumfar da aka zare wa ƙafa ɗaya.

"Malam," in ji shi da Hausarsa ta Fulani, a hankali don kada ya yi laifi, "wannan ce gajere. Ta hagu. Ita bijimi ya taka."

Dakta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Sajo, ƙafar taka ce, ban musa ba. Amma ilminta nawa ne. Ka yi makaranta? Ka je Jos? Ga takarda, ga rula, ga rubutu. Yanzu tsakanin takardar gwamnati da bijimi, wa za mu gaskata? Ciwon da za ka ji alamar magani ya kama ne. Je ka."

Ya ɗauki faden Ba Kyari ya rataye a ƙusa jikin bango, don ya zama shaida ranar da Likita zai dawo. Da yamma kuma ya taka har layin dukawa, farar riga na kaɗawa, ya buɗe wata takarda mai rubutun Turanci da jan hatimi a gaban Ba Kyari. Ya ce doka ce daga Kaduna: duk badukun da ya sake taɓa ƙafar majinyaci, gidan yari. Ba Kyari bai iya boko ba, amma ya san jan hatimi, ya kuma san gidan yari. Ya ce ya ji, ya bi. Takardar kuwa daga jikin kwalin kwinin Dakta ya ɓamɓaro ta. Abin da ke cikinta shi ne a ajiye a wuri mai sanyi.

Kwana huɗu Sajo ya yi cikin biyayya. Ƙugu ya riƙe, gwiwa ta kumbura, takalmin ya ci masa idon sawu har jini. Ya yar da shi ya koma tafiya ba takalmi, ɗingishin ya fi na da. Ya je wurin Ba Kyari, tsohon ya sunkuyar da kai ya ce masa ya yi haƙuri, shi ma yana da iyali. Bakari, mai shanun, ya gan shi yana jan ƙafa a kara, ya kira shi gefe. Ya ce ba ƙinsa yake yi ba, amma tafiyar wata biyu ce, ba zai ɗauki mutumin da sai an ɗora shi a kan sa ba. In bai miƙe ba kafin ranar tashi, zai nemi wani.

Asta ta ajiye ƙwaryar nononta a ƙofar ɗakin shan magani, ta durƙusa.

"Malam, don Allah don Annabi, ka ba mu takalminsa. Ga shi can a bango. Ba mu ce ka yi kuskure ba. In bai bi ayarin nan ba, bana ba mu da abin ci."

Dakta ya tausaya mata ƙwarai, har ya dafa ƙirji.

"Baiwar Allah, kin san abin da kike roƙo? Cewa kike in mayar da mijinki zamanin jahiliyya. Ba zan iya ba, ina da imani. Ku mutanenmu abinci kawai kuka sani. Ni kuwa ƙashinsa nake dubawa, da na 'ya'yansa, da na jikokinsa. Nan da shekara hamsin za ku gode mini."

Ta ce nan da kwana bakwai ne ayari zai tashi. Ya ce ilmi ba ya bin ayari. Ya karɓi ludayi biyu na kindirmo don kada ta ji ya wulaƙanta ta, ya sallame ta.

Ana saura kwana biyu tashin shanu, Likita Mai Lofe ya iso rangadi. Dakta ya yi shiri irin na manya. Ya sa aka share fili, aka yayyafa ruwa. Ya aika aka tattaro duk wanda ya taɓa ba takalmi, aka ce kowa ya zo sanye da nasa. Suka jeru mutum goma sha ɗaya cikin takalman soja, kowa ya jingina da na kusa da shi. Ya Fanne ta zo da nata a ka, ta ce kaza ta ɓata ɗayan, ba ya shiguwa. Sajo ne a ƙarshen layi, Asta na riƙe da shi.

Dakta ya kwana uku yana haddace jawabi a kan jahilcin dukawa. Ya ja Likita zuwa bango, ya nuna faden da rula, ya cika ƙirji da iska.

"Ranka ya daɗe, wannan takalmi da kake gani..."

Likita ya riga ya sauko da shi. Ya juya shi, ya latsa tudun da babban yatsa, ya sa hannu cikin ramin dunduniya, ya ƙirga hawan fatar. A karo na farko a tarihin rangadinsa, ya cire lofe daga baki.

"Kai, madalla!" in ji shi, da Hausar da ya koya a Zariya. "Wannan aiki mai kyau ne sosai. Irinsa nake nema. Wa ya yi shi?"

A nan ne aka ga bambancin mai ilmi da wanda ba shi da shi. Da wani ne, da ya daburce. Dakta ya haɗiye jawabin kwana uku gaba ɗaya ko tari bai yi ba, ya sunkuyar da kai cikin tawali'u.

"Ɗan ƙoƙarin bawanka ne, ranka ya daɗe. Abin da na koyo a Jos ne na ɗan ƙara masa tunani."

Likita ya tambayi mai takalmin, aka turo Sajo. Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi takalmin sojan, ya sa ya cire, ya zura hannu ciki ya taɓo tayar a ɓangaren doguwar ƙafa. Ya ɗaga gira. Dakta ya yi maza ya bayyana cewa Fulani ba su cika bambance dama da hagu ba. Likita ya ja ƙusar da ta riƙe tayar, ta ƙi fita. Ya miƙa wa Sajo fadensa. Sajo ya sa, ya taka sau ɗaya, sau biyu, ya tafi har bakin titi ya dawo a miƙe. Asta ta rufe fuska da gefen zane.

"To, Malam," in ji Likita, yana mayar da lofe, "ina so in ga yadda kake yi. Ga wannan tsohuwa. Yi mata ɗaya yanzu, ina kallo."

Dakta ya ce kayan aikinsa suna wurin gyara. Likita ya ce ai ba a rasa baduku a kasuwa, a aro. Aka je aka zo da Ba Kyari, yana zaton ranar gidan yari ce ta zo. Ya shimfiɗa ƙirgi da basilla da zaren fata, ya koma gefe ya tsuguna.

Dakta ya zauna a kujera, ya ɗora fatar a cinya, ya riƙe basilla kamar fensir. Kuma don kada shiru ya yi yawa, ya riƙa bayani.

"Abin lura a nan, ranka ya daɗe, shi ne lissafi. Baduku da hannu yake ɗinki. Ni da ƙwaƙwalwa nake yi. Hannu bawa ne kawai."

Bawan ya soke shi a yatsa. Ya tsotse jinin ya ce da gangan ne, yana gwada kaifi. Ya danna basilla da ƙarfi, ta wuce. Ya ja zare, ya sake dannawa, ta sake wucewa. Da ya ga abin yana tafiya sai ya ƙara sauri, gumi na ɗiga daga kan tabarau, bayani na zuba. Ɗinki goma sha huɗu ya yi, ya ƙulle, ya miƙe tsaye don ya miƙa wa Likita.

Takalmin ya miƙe tare da shi. Ya ɗinke shi tsaf da farar rigar da wandon da ke ƙarƙashinta, yana reto a gaban cinyarsa. Ya ja, wando ya biyo. Ya saki, takalmi ya koma yana lilo. Mutum goma sha ɗaya da suka yi makonni suna cije baki suka saki dariya lokaci ɗaya, har manomin Ngojin ya faɗi zaune.

"Ba Kyari," in ji Ya Fanne, "don Allah tashi ka kwance Audu, kafin ya ɗinke kansa da kujera."

Tsohon ya taso da 'yar wuƙarsa, ya durƙusa a gaban Dakta, ya yanke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya huda rigar ba. Sa'an nan ya manta da doka, don hannu ya riga ya kama fata. Ya ce Ya Fanne ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo. Ya lallatsa ƙafarta, ya yanka, ya jera, ya ɗinka. Likita ya tsuguna kusa da shi yana kallo, lofe ya mutu bai sani ba. Da aka gama, ya ɗora sabon a gefen na Sajo. Ɗinki iri ɗaya, ƙulli iri ɗaya.

Ba Kyari ya roƙi gafara saboda ya karya dokar Kaduna. Likita ya ce wace doka. Aka sa Dakta ya fito da ita daga aljihu. Likita ya karanta, ya dubi Dakta, ya sake karantawa, sa'an nan ya fassara wa jama'a da Hausa, a hankali, kalma bayan kalma.

Ranar da aka sa, Sajo ya bi ayari, yana gaba da sandarsa a kafaɗa. Takalman soja suka koma bayan rumbu. Likita ya bar umarni a rubuce, wannan karon na gaske: kowace ranar kasuwa Ba Kyari zai zauna a barandar ɗakin shan magani, duk mai ciwon ƙafa ko gwiwa ko ƙugu a kai masa. Bai kori Malam Abdulsalam ba, ya ce mutum mai son ƙafa haka bai kamata a raba shi da ita ba. Ya ba shi kwano da sabulu da tsumma. Masu zuwa daga ƙauye da ƙafa suke zuwa, ta cikin laka da kashin shanu, kuma ba a miƙa wa dattijo ƙafa haka.

Kada wani ya yi zaton wannan ya karya Dakta. Mako bai zagayo ba ya sanar a majalisar bakin masallaci cewa an yi masa ƙarin girma, yanzu shi ne Babban Jami'in Share Fagen Ƙafa na lardi duka.

"Ku tambayi kowa," in ji shi, yana gyara tabarau da hannun da ke ƙanshin sabulu. "Shi Ba Kyari ɗin da kuke yabo, zama kawai yake yi yana jira. Babu ƙafar da ke isa gabansa a garin nan sai ta bi ta hannuna."

Kowa a majalisa ya juya maganar yana neman inda ƙaryar take. Ba a samu ba. Tun da ya dawo daga Jos, ranar ce ya fara faɗin gaskiya.